Cek Ɗin Yaya Mamuda

Ran da masu awo suka iso gandun su Hashimu a Tungar Gawo, da igiyarsu ta ƙarfe da gwangwanin jan fenti, tambaya ɗaya suka yi masa: gonar wa ce? Shi yake nomanta tun rasuwar ubansu. Shi ya kai mata taki, shi ya dasa aduwar da ke kan iyaka, shi yake biyan harajin gidan. Amma da ya buɗe baki sai ya ce ta Mamuda ce. Akawun masu awo ya rubuta, suka wuce gona ta gaba.

A ganin Hashimu ba ƙarya ya yi ba. Mamuda wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a ƙasar nan ƙane ba ya tsayawa gaban jama'a ya kira gandu nasa alhali wa yana duniya. Dattawan da ke tsaye a wurin sun gyaɗa kai, wani ma ya ce Allah ya yi albarka, ɗan halak ke nan. Babu wanda ya tuna cewa Mamudan ya kama hanyar gabas tun kafin yaƙin basasa, da niyyar sauke farali, yana tafiya yana ƙwadago kamar yadda talaka ke yi a wancan zamani. Saƙonsa ɗaya ya zo daga ƙasar Cadi, shi ma a bakin wani mai fataucin kanwa. Daga nan shiru.

Ladabi abu ne mai kyau. Amma ladabin da mutum bai auna inda zai kai shi ba, iyalinsa ke ɗaukar nauyinsa.

Aka gama ginin madatsar Bakolori, gulbi ya tsaya, ruwa ya fara hawa. Ya ci fadama, ya ci karkara, ya shiga Tungar Gawo ta ƙofar yamma. Aka kwashe mutane a manyan motoci aka kai su sabon matsuguni kan tudu, wajen Maradun, inda ƙasa tsakuwa ce, in ka sara fartanya sai ta yi tartsatsi. Hashimu yakan sauka bakin tafkin da la'asar ya tsaya yana kallo. Ya san daidai inda gandun yake, don kan wata tsohuwar giginya yana leƙowa daga cikin ruwa. A gindinta suke ajiye gorar ruwa shi da Mamuda in suna huɗa. Mamuda ne ke jan kunya ta gaba, yana waƙa da muryarsa mai kauri, shi kuma yana biye yana haki. Yanzu babu gona, babu mai waƙar, kuma in da Mamuda zai dawo yau, ko hanyar gidansu ba zai samu ba. Wannan ya fi komai damun Hashimu, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Da kaka aka kira su karɓar diyya. Ba kuɗi aka ba su a hannu ba, takarda ce 'yar siririya mai ruwan ganye, aka ce sunanta cek, banki ne zai juya ta kuɗi. Hashimu ya ninke ta ya sa cikin gafakar Alƙur'aninsa. Ya ɗauka kamar takardar naira take, ko yaushe aka fito da ita tana nan da ƙarfinta. Ya ce ba zai taɓa ta ba sai ya ga gonar da zai saya, don ya ga yadda kuɗin wasu suka narke a rediyo da keke da auren da ba a shirya ba.

Sai da sanyi ya wuce, zafi ya kankama, sannan ya sami abin da yake nema. Wani mutumin Bakura, Audu, zai sayar da gona mai jan-gargari can bayan gari, inda aikin ruwa bai kai ba. Hashimu ya zaga ta, ya ɗebi ƙasarta ya murza, ya ji ransa ya kwanta. Suka yi ciniki. Audu ya ce zai jira shi har ruwan shuka ya sauka. In ruwa ya sauka babu kuɗi, akwai mai so a ƙasa, kada a ga laifinsa.

Ranar Talata, ranar kasuwar Mafara, Hashimu ya sa rigarsa ta Juma'a ya shiga banki. Ya daɗe a layi kafin ya kai gaban wani akawu mai tabarau, wanda ya karɓi cek ɗin ya juya shi gaba da baya, ya tambaye shi ko shi ne Mamuda. Ya ce a'a, shi ƙanensa ne, Hashimu, amma shi ke noman gonar.

Akawun ba mugu ba ne. Ya ajiye alƙalami ya yi masa bayani dalla-dalla, yana nuna kowane wuri da ɗan yatsa. Ya ce takarda irin wannan umarni ce ga banki, kuma doka ba ta karɓarta sai ta cika sharuɗɗanta. Dole ta zama a rubuce. Dole umarnin biyan ya zama kai tsaye, babu wani in kaza ya faru. Ga kwanan wata. Ga adadin kuɗin da lamba, ga shi kuma da baƙi, sun yi daidai da juna. Ga sa hannun waɗanda suka bayar da ita. Ga sunan wanda za a biya. Ya ce duk sun cika, takardar ba ta da aibi ko ɗaya, amma sunan da ke kanta shi kaɗai take ji. In mai sunan yana so wani ya karɓa, sai ya juya bayanta ya sa hannu, ko ya dangwala yatsa gaban shaida, daga nan ta zama ta wanda ya miƙa wa.

Hashimu ya ce mai sunan yana gabas, ba a san inda yake ba.

"To, baba, sai ka nemo shi," in ji akawun. "Kuma ka yi sauri. Cek ba ya wuce wata shida daga ranar da ke kansa. In ya wuce, sai an koma wurin waɗanda suka rubuta shi sun sabunta. Naka ya riga ya ci fiye da rabin kwanansa."

Hashimu ya fito ya zauna gindin dalbejiyar ƙofar banki, inda masu rubuta wasiƙa ke baje tebur. Nan taubashinsa Jibo ya same shi. Jibo dillali ne; tun da aka fara biyan diyya ya bar dillancin awaki ya koma na takardu, ya yi ƙiba, ya sayi agogo. Da ya ji labari sai ya yi dariya har ya dafa itace.

"Kai dai tun muna yara haka kake. A ba ka tsoka ka ce sai yaya ya ciza. To ga shi yaya ya cinye har ƙashi, ko bai sani ba."

"Bawa ba ya yi wa ubangidansa dariya," in ji Hashimu, ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Wane ubangida, wanda ba shi da ko kunya guda ta gero? Tashi in nuna maka hanya."

Hanyar Jibo ta farko mai sauƙi ce. A bari sai ran da mai tabarau ba ya nan, Hashimu ya shiga ya ce shi ne Mamuda, Jibo ya kawo mutum biyu su ce sun san shi, ya dangwala yatsa. Ya ce wa ya san zanen yatsan Mamuda a duk ƙasar Sakkwato? Hashimu ya ƙi. Ya ce ba zai tsaya da bakinsa ya ari sunan wansa ba, ko da banki ba ya gani Allah yana gani.

Ya tafi ofishin masu biyan diyya da kansa. Ya yi sawu ya fi a ƙirga kafin ya ga wanda zai saurare shi. Mutumin ya buɗe babban littafi ya ce abin da aka faɗa musu a bakin gona shi suka rubuta, kuma shi Hashimun ne ya faɗa. Ba za su kankare suna su sa wani ba don kawai wani ya zo ya ce. Ko ya kawo Mamuda, ko ya kawo takardar alƙali cewa Mamuda ya rasu kuma shi ne magajinsa.

Wannan ita ce hanyar Jibo ta biyu, a kai shaidu gaban alƙali su ce Mamuda ya rasu, kuma ita ce ta hana Hashimu sukuni. Ya ce wa matarsa Barira ba zai iya ba. Barira mace ce mai haƙuri, ta bar rijiyarta da tsamiyarta da kushewar uwarta a ƙarƙashin ruwa ba ta ce uffan ba. Amma rumbu ya kusa ƙasa, kuma ita ke aunawa. Tana tankaɗe a tsakar gida ta amsa masa, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ni ban san Yaya ba. Ko da aka kawo ni gidanga ya tahi. Kullum in na yi tuwo sai ka ce da shina nan da ya yaba miya. Na ji, Allah shi maido shi. Amma ɗiyanga da ke gabanka su suna nan, kuma ba su cin suna."

Ya ce in ya je gaban alƙali ya ce Mamuda ya mutu, kamar shi ya haƙa masa kabari. Ta ce wanda ya shekara goma sha wani abu bai aiko ko gaisuwa ba, ko ya mutu ko ya mance, kuma duk biyun ba su shuka gero. Maganar ta yi masa zafi. Gajimare ya fara taruwa a gabas da yamma, iska ta fara kawo ƙanshin ruwa daga nesa. Audu ya aiko a tuna masa. Hashimu ya nemi Jibo ya ce ya yarda.

Shaidar zur tana cikin manyan zunubai, kuma Hashimu ya san haka sarai. Bai yaudari kansa ba. Yunwa ce ta tura shi, amma yunwa ba ta mayar da haram halal, sai dai ta sa mutum ya kau da kai.

Jibo ya ce alƙali ba zai karɓi shaidar wanda bai taɓa wuce Gusau ba. Ana bukatar wanda ya san gabas. Kuma Allah ya kawo shi: wani dattijo, Alhaji Labaran, ɗan asalin Bakura, ya daɗe zaune a ƙasar Sudan, ya zo ganin dangi. Jibo ya ce ba za a sa shi rantsuwa kan ya ga gawa ba, ya dai ce ya ji labari a can. Wanda ya yi doguwar tafiya kuwa ba ya ƙin ɗan abin guzuri.

Suka same shi da hantsi a zauren ƙanensa, zaune kan buzu, da farin rawani naɗin mutanen gabas. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da zafi, aka koma aka sake tambaya. Jibo ya ɗauko zance daga nesa, daga ruwan da ya ci garuruwa, zuwa wahalar talaka, zuwa takardar da ta maƙale. Alhaji Labaran yana jan carbi yana saurare. Da aka ambaci sunan sai ya tsayar da hannunsa, ya tambayi Hashimu wane Mamuda, ɗan wa, daga ina. Hashimu ya faɗa. Ya tambaya ko dogo ne, baƙi, mai tabon lauje a bayan hannun hagu.

Hashimu ya san tabon. Shi ya ji masa wannan ciwon, suna yara, wajen yankan ciyawa.

"In shi ne, ai shina nan," in ji Alhaji Labaran. "Mamuda Bazamfare. A Mai Wurno yake, bakin kogi, shina fiton mutane da jirgin kwale-kwale. Shi ya ƙetare da ni ran da zan taso."

Jibo ne ya fara farfaɗowa. Ya gyara zama ya ce ai rai na Allah ne, tun da Alhaji ya baro can an kwana biyu, kuma aikin ruwa aiki ne mai haɗari, wa ya san abin da ya faru bayansa. Dattijon ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce shi bai yi tafiyar wata da watanni don ya zo garin ubansa ya kashe mai rai da harshe ba. Ya ce in Jibo yana neman gawa, ya je maƙabarta.

Hashimu bai ji wannan ba. Ya matso har gwiwarsa ta taɓa buzun, yana jero tambaya. Ya yi furfura? Haƙoransa suna nan? Yana da iyali? Alhaji ya ce ya yi furfura a gemu, yana da mata 'yar mutanen Katsina da aka haifa a can, da 'ya'ya, ba shi da wadata amma ba ya roƙo. Yana waƙa in yana tuƙi? Alhaji ya yi murmushi ya ce har an san shi da ita. Hashimu ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana goge ido da bakin riga. Can ya tambayi abin da ya fi tsoro: da ya san Alhaji zai zo ƙasar Zamfara, bai ba da saƙo ba?

Dattijon bai yi masa ƙarya ba. Ya ce bai bayar ba. Ya ce ya tambaye shi har sau biyu a cikin jirgin, Mamuda ya yi kamar bai ji ba. Sai da suka kai gaci ya ce da wane baki zai aika gida, shi da ya fita da sunan Makka har yau bai ga Makka ba. Kuɗin jirgin teku ne bai taɓa haɗuwa ba. In ya tara, sai ciwo ko haihuwa su cinye. Irinsa suna da yawa a can, in ji Alhaji, kunya ta tsare su a tsakiyar hanya, ba gaba ba baya.

A hanyar komawa Jibo bai bar mita ba. Ya ce bai taɓa ganin wanda aka yi wa albishir da talauci yana godiya ba. Ya ce akwai wasu shaidun, ba Labaran kaɗai ya san gabas ba. Hashimu ya ce masa maganar ta mutu. Da ana shakka ma ya yi niyyar abin da bai kamata ba. Yanzu da ya san wansa yana numfashi, ko za a yanka shi ba zai taka ƙofar alƙali ba.

Da ya gaya wa Barira, ta ce alhamdu lillahi, Allah ya ƙara masa lafiya. Sannan ta tambayi gonar Bakura. Ya ce babu. Ta ɗauki tulu ta fita. Ya fi son da ta yi faɗa.

Ruwan shuka ya sauka a makon. Audu ya cika maganarsa, ya sayar wa wani. Hashimu ya bi sahun masu ƙwadago a aikin magudanan ruwa wajen Mafara, mutum mai gandu yana ɗaukar kwanon siminti a ka, ana kiran lambarsa ba sunansa ba. Barira ta fara dakau. Abin da suka samu ya riƙe rai, bai wuce nan ba. Kada wani ya ce gaskiya ta biya shi nan take. Ba ta biya ba, kuma ba don biya ake yin ta ba.

Bayan ƙaramar salla aka ce Alhaji Labaran zai koma. Hashimu ya roƙi hutun yini guda, ya tafi Bakura, ya same shi a tasha an riga an ɗaure kaya a kan mota. Ya fito da cek ɗin, ya naɗe shi cikin ƙyalle, ya miƙa masa da hannu biyu. Alhaji ya ce ai ya ji an ce kwanan takardar ya ƙare, ko Mamuda ya dangwala mata yatsa goma banki ba zai karɓa ba sai an sabunta, kuma sabuntawar sai mai sunan ya bayyana. Me zai yi da ita a Mai Wurno?

"Na sani," in ji Hashimu. "Ka dai kai mishi. Ka ce gandun Baba ke nan, abin da ya rage, kuma sunanshi ne a kai, ni na sa aka rubuta. Ka ce ba ta aiki sai ya kawo ta da kanshi. In ya zo kada shi nemi Tungar Gawo, ruwa ne. Shi sauka Maradun shi tambayi Hashimu."

Alhaji ya karɓa ya sa a aljihun ciki, ya tambaya ko shi ke nan.

"Ka ce mishi babu wanda zai tambaye shi Makka."

Direba ya buga ƙaho, dattijon ya hau. Hashimu ya tsaya har motar ta sha kwana, sannan ya juya ya nemi wadda za ta Mafara, don in ya yi sauri zai iske aikin rana bai tashi ba.